Azumin da Kwamfuta Ta Ƙi Nuna Fuskar Ya Bukar

Bana azumi ya zo mana cikin zafi, irin wanda tun hantsi yashi yake ƙona ƙafa ta cikin silifa. Shekaranjiya bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi ta cika baki, ya zubar da ɗan yayyafi ya wuce abinsa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta tagar shagon maganin da nake aiki, kuma a daidai lokacin kwamfutar shagon ta ɗauke, sikirin ɗinta ya koma shuɗi da fararen rubutu. Abokiyar aikina dariya ta yi, ta ce ita ma azumin ya kama ta. Ni kuwa bayan kantar shagon na zagaya na zauna a kan katan. Wasu in taya ta fashe a titi suke rugawa. Ni shuɗin nan ne yake yi mini haka. Tun ranar barcina bai daidaita ba, shi ya sa na ce gara in rubuta.

Shekarar da aka yanke layukan waya yake tuna mini. Duk wanda ya zauna a Maiduguri ya san ta. Waya ta koma tocila da rediyo. In mutum ya fita kasuwa babu yadda za ka san ya isa, sai dai ka zauna kana kallon ƙofa. Azumin shekarar ya shigo ne tare da damina, amma ruwan ya yi ta ja mana rai: da rana gumi kamar an rufe mutum a tukunya, da yamma hadari ya haɗu ya watse. Dokar hana fita tana kan kowa. Kifin Baga da muke rainawa a miya ya zama abin labari, don hanyar ta mutu. Gero ya yi tsada, gawayi ya yi tsada, ƙanƙara kuwa sai mai gata. Yanzu yaran gidanmu zaɓen abin buɗa-baki suke yi, wannan ba ya son kunu, wancan sai da lemon kwalba. Mu a lokacin ardeb ne, wato ruwan tsamiya, mai ɗumi, sukarinsa kamar an yi rantsuwa, sai ƙosai da kowa yake bin na ɗan'uwansa da ido.

Kafin azumin da 'yan watanni aka kashe yayana, Ya Bukar. Ɗan sanda ne, sabon shiga. Mahaifinmu ya rasu tun ina ƙarama, don haka shi ne uban gidan, shi ne kuma abokin faɗana. Ba ya fita da kaki daga gida. A baƙar leda yake ƙunsa su kamar mai kai ɗinki, sai ya isa ofis ya saka. Shi da bakinsa ya ce a ƙone hotunansa, saboda ana cewa mutanen nan masu kai hari da bindiga suna shiga gida su duba bango da ƙarƙashin katifa, in sun ga hoton kaki ko takardar makaranta, shi ke nan. Mama ta hura wuta a murhu ta fara da na kakin, sai tsoro ya ci gaba da cin sauran: na makaranta, na Sallah, har wanda yake jariri a cinyar Baba. Yana tsaye a kanta yana tsokana, wai ta rage masa ko ɗaya na zuwa zance. Ta ce ga shi nan a gabanta kullum, me za ta yi da takarda. Duk da haka suka same shi, da safe, a wurin mai shayi a bakin layinmu na Hausari.

Bayan sadakar bakwai Kawu Modu, ƙanen Mama, ya zo da keke napep ya kwashe mu zuwa gidansa a Moduganari. Ya ba mu ɗaki ɗaya kusa da kicin, kuma tun ba mu sauke kaya ba ya kafa mana doka. A unguwarsa ba wanda ya san mu dangin ɗan sanda ne, kuma ba wanda zai sani. Duk wanda ya tambaya, ciwon ciki ne ya kashe yaron. Haka yake cewa, yaron, ko sunansa ba ya kamawa. Matan unguwa suka riƙa shigowa ta'aziyya suna ce wa Mama wushe, wato sannu da Kanuri, suna ba ta labarin maganin ciwon ciki, ita kuwa tana gyaɗa kai. Ina zaune a bayanta ina jin kamar in kwarma ihu.

Abu ɗaya na Ya Bukar da na ƙi bari a Hausari shi ne kwamfutarsa. Tsohuwa ce ya saya hannu na biyu, mai babban akwati da sikirin daban, da 'yar ƙaramar firinta. Nufinsa in na gama jarrabawar sakandare ya buɗe mini shagon buga takardu. Shi ya koya mini ita, da ranƙwashi da dariya. A cinyata na riƙe akwatin a cikin keken har Moduganari. Kuma ni kaɗai na san cewa a cikinta akwai wata folda da ya sa wa suna Darasin Lissafi, don ya san ba mai sha'awar buɗewa. A ciki akwai hotunan da abokinsa ya ɗauke shi ranar da suka gama horo. Ban da su, babu fuskarsa a ko'ina a duniya. Na lulluɓe kwamfutar da tsohon zani na ajiye a kusurwa, na kasa kunna ta.

Kawu yana da ɗan shago a jikin gidan, inda yake sayar da katin waya da yi wa mutane caji. Da aka yanke layi, sana'ar ta mutu a tsaye. Yana zaune yana korar ƙuda, sai ya lura mutane suna yawon neman inda za a buga musu takardar shaida, don a kowane shinge ana tambaya. Ranar farko ta azumi ya sa aka ɗauko kwamfutar aka kai shago, bai tambayi kowa ba. Ya ce ai cin abinci muke yi a gidansa, sai in zauna in riƙa bugawa.

Da ya ga kwamfutar tana ɗan jan ƙafa wajen tashi, ya kira wani mutum daga kasuwa da ake ce wa Injiniya. Har yau ban san sunansa na yanka ba. Siriri ne mai jakar goyo cike da faya-fayan sidi, duk sun sha karce. Ya zaro ɗaya ya ɗaga shi sama kamar laya, ya ce a cikinsa akwai direbobin duk wata kwamfuta da aka taɓa ƙerawa. Direba, kamar yadda Ya Bukar ya taɓa yi mini bayani, ɗan ƙaramin shiri ne da ke aikin tafinta. Sikirin yana da yarensa, firinta tana da nata, lasifika ma haka, kuma babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ba ta jin ko ɗaya sai da tafinta a tsakani. Na ce wa Injiniya ai tana da nata direbobin, suna aiki. Bai ko kalle ni ba. Ya tambayi Kawu ko 'yar tasa ma injiniya ce, suka yi dariya. Ya zura faifan, ya zaɓi komai da komai, ya danna.

Daga ranar ta fara. Ina cikin buga wa mutum takarda, sai sikirin ya ƙifta, ya yi baƙi, ya dawo shuɗi, akwatin ya yi gurnani ya sake tashi daga farko. Abin da na buga ya tafi. Mai takarda yana tsaye da ƙishirwa da tsoron kada dokar hana fita ta riske shi a hanya, sai ya sauke mini duka. Kawu kuma ya ce hannuna ne ba shi da albarka. Wuta ma ba kullum ake kawowa ba. In an kawo, ba ka san yaushe za a ɗauke ba. Kawu yana da ƙaramin janareta, amma jarkar man tana ɗakinsa a kulle.

Haka kwanakin suka jeru. Mu tashi sahur mu ci ragowar burabusko da miyar kuka, mu sha ruwa har ciki ya yi ƙara. Da safe in ɗebo ruwa a famfon maƙwabta kafin layi ya yi tsawo. Da hantsi in shiga shago, ƙarƙashin kwanon da yake gasa kai. Bayan azahar in koma ciki, ni da Mama mu surfa gero mu wanke wake, don matar Kawu tana da tsohon ciki. Tarawihi a tsakar gida muke yi, sauro yana cin ƙafafunmu, kunnenmu rabi a karatu rabi a titi.

Wata rana muna daka, ni da taɓarya ita da tata, Mama ta tsaya. Tun rasuwar ba ta cika magana ba. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ba ta kallona:

"Yagana, fuskar Bukar ta gudu mini. Ina jin muryarsa, ina ganin tafiyarsa. In na zo kan fuskar sai ta narke. A mafarki ma ƙeya yake ba ni."

Ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da daka kamar ba ita ta yi maganar ba.

Washegari da Kawu ya fita alwala, na buɗe foldar. Na danna hoton farko. Na ga baƙar hula, na ga kafaɗa, kafin idona ya kai kan fuska sikirin ya koma shuɗi. Na jira ta tashi na sake gwadawa. Shuɗi. Na gwada wani hoton. Shuɗi. A wajen buga takarda takan ɗan yi haƙuri kafin ta faɗi, amma hoto ko na ƙiftawar ido ba ta ɗauka. A gwaji na ƙarshe ban ji shigowar Kawu ba. Abin da na gani shi ma ya gani, hular da kafaɗar.

Ya rufe ƙofar shagon da sakata. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ya ce ashe macijiya ya ɗauko ya kawo cikin gidansa. Ya ce wannan shago kowa yana shiga, kuma cikin masu kawo takarda ban san wane ne idon mutanen nan ba. Ya tuna mini matarsa da cikinta da yaransa, ya ce uwata ta ƙone na takarda da hannunta, ni kuma na ɓoye wuta a cikin akwati na ajiye masa a bakin titi. Na ce masa su kaɗai suka rage. Ya ce shi ya sa za su tafi.

Ya aika aka kira Injiniya. Mutumin ya zo ya kunna, ya ga shuɗin, ya tsuke baki ya ce bairos ce, kuma a cikin hotunan take, shi ya sa in an taɓa su take faɗuwa. Maganin ɗaya ne, fomatin, wato a share komai da ke cikin kwamfutar a zuba mata sabuwar manhaja. Daga baya na gane haka suke yi wa kowace kwamfuta a kasuwar, ciwon kai fomatin, ciwon ƙafa fomatin. Na ce kafin ya sa faifansa ba ta taɓa yin haka ba. Ya ce wa Kawu, "Alhaji, ka ja wa yarinyar nan kunne, ni ba sa'anta ba ne." Ya zaro faifan sharewa, yana goge shi da gefen riga, sai aka ɗauke wuta. Kawu ya shiga ɗauko jarkar mai. Kafin ya fito muka ji harbi daga can wajen titin, ba kusa sosai ba, amma ya isa. Injiniya ya saɓa jakarsa ya ce sai bayan Juma'a, ya bi ta lungu.

Labarin bai fita waje ba, amma a cikin gida kowa ya samu abin faɗa. Matar Kawu ta ce mamaci ne ba ya so a kalle shi, a bar bawan Allah ya huta. Mama kuwa sai da muka zo wanke kwanukan buɗa-baki ta tambaye ni ko gaskiya ne yana ciki. Na ce yana ciki. Ta riƙe kwano ɗaya tana ta cuɗa shi har kumfa ya ƙare.

Ba ni da filas da zan kwashe hotunan. Na Ya Bukar yana aljihunsa ranar da abin ya faru, bai dawo gida ba. Ba waya, ba intanet, ba wanda zan tambaya. Kwanakin da suka rage kafin Juma'a, duk lokacin da aka kawo wuta kuma Kawu ya tafi masallaci ko ya kishingiɗa, ina gaban kwamfutar.

Da farko na zargi zafi, don ni kaina zafin yana neman kayar da ni. Na kwance murfin akwatin da wuƙar kicin, na ga ƙura ta yi tabarma a kan fankar ciki. Na share ta da gashin kaza, na hura har jiri ya ɗebe ni, ga azumi. Na bar ta a buɗe ina yi mata fifita da maficin Mama. Ta faɗi. Na cire wayar firinta da ta lasifika, na bar kibod da maus kawai. Ta faɗi. Na tuna Ya Bukar yana zare wani siririn kore da ake kira ram ya goge haƙoransa da magogin fensir. Na yi haka, na mayar. Ta tashi lafiya har na fara murna, na taɓa hoto, ta faɗi.

Sai da na gaji da tsoron shuɗin sannan na tsaya na karanta shi. Turanci ne, amma ba irin na makaranta ba, lambobi da haruffa a cakuɗe. Ban gane komai ba sai abu ɗaya: can ƙasa akwai wani gajeren suna, kuma duk faɗuwar da za ta yi, sunan nan ne yake fitowa, bai taɓa canzawa ba. Na ce a raina, in bairos ce a cikin hotuna, me ya sa take faɗuwa ina buga takarda, kuma da suna iri ɗaya? Wani abu ne guda yake tuntuɓe, kuma hoto ya fi komai sa shi tuntuɓen.

Ranar Alhamis aka kawo wuta bayan la'asar. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa dogon yaron ƙofar gida, kuma kowa ya san in ruwa ya sauka wutar tafiya za ta yi. Kawu yana masallacin layi. Ina kunna ta sai na tuna wata rana da ta taɓa yi wa Ya Bukar gardama, ya riƙa dukan wani maɓalli a layin sama tun kafin ta gama tashi, yana cewa bari mu shiga ta ƙofar baya. Na gwada maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ina kashewa ina kunnawa, har na dace da na takwas. Baƙin allo ya fito da zaɓi, na ga sef mod na danna. A wannan yanayi kwamfuta tana tashi tsirara ne, ba ta kiran yawancin tafintocinta, sai waɗanda ba makawa. Komai ya fito manya-manya, launi ya dusashe. Na buɗe foldar. Na danna.

Ba ta faɗi ba.

Ga shi nan. Yana murmushin nan nasa na gefe ɗaya, kamar ya ɓoye wa mutum takalmi. Ban san lokacin da na sauka daga kujera na durƙusa ba. Amma a sef mod firinta ba ta aiki, kuma gobe Juma'a. Na share ido na tilasta wa kaina tunani. A nan ba ta faɗuwa, a can tana faɗuwa, hotunan kuwa su ne dai. Ashe ba su da laifi. Laifin yana cikin abin da aka bari a waje, kuma abin da ya shafi nuna hoto tafintan sikirin ne. Na shiga inda ake jera kayan cikin kwamfuta, na nemo na sikirin, na buɗe bayaninsa. Gajeren sunan nan na shuɗin allo yana zaune a ciki. Faifan Injiniya ne ya ɗora wa tsohuwar kwamfuta direban da ba nata ba. A gefe akwai wurin da ake mayar da direban da ya gabata. Na yi bisimilla na danna, na sake kunna ta ta ƙofar gaba.

Ta tashi. Na buɗe hoton, ya cika sikirin tar da launinsa. Na jira shuɗi, bai zo ba.

Na ruga kicin na jawo Mama da hannunta duk ƙullun ƙosai. Ta tsaya a bakin shagon, sannan ta matso a hankali kamar kada ta tashe shi daga barci. Ba ta yi kuka ba. Ta kai yatsa kan gilashin ta bi girarsa, ta bi hancinsa, ta bar farin ƙullu a kumatunsa. Ta ce da Kanuri, a hankali, ashe haka haƙoransa suke.

A haka Kawu ya same mu. Ɗigon farko ya fara bugun kwano. Na miƙe na gaya masa da sauri cewa na gyara, ba bairos ba ce, faifan mutuminsa ne, yanzu ba sai an yi fomatin ba, za ta buga masa takardu har Sallah ba ta faɗi ba. Wallahi a lokacin na zaci magana ta ƙare. Ya dubi sikirin ya daɗe, sannan ya dube ni.

"Kin gyara," ya ce. "Da can duk wanda ya taɓa sai ta rufe masa ido. Yanzu kowane ɗan iska ya shigo ya danna, ga ɗan sanda a gidan Modu. Sannu da aiki."

Ya ce in goge su yanzu, a gabansa, ko kuma mu nemi wani gidan mu da akwatinmu. Ya san ba mu da wani gidan. Na dubi Mama. Na zaci za ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba tun da muka zo. Sai ta ce masa, ba ta ɗauke ido daga sikirin ba:

"Modu, ni na goya ka. Kakin kake tsoro ko fuskar?"

Ya ce kakin.

"To ka ɗauki kakin. Ka bar mini ɗana."

Ta tambaye ni ko ana iya yanka hoto a ciki kamar yadda ake yi da almakashi. Na ce ana iya. Na buɗe shirin zane, na ja layi mai kusurwa huɗu a kan fuskarsa. Kawu ya tsaya a bayana, ina jin numfashinsa na mai azumi a wuyana. Ya ce in hau sama, ana ganin kwalar riga. Na hau. Ya ce har yanzu ga baƙi a wuya. Na hau har haɓa. Ya ce in sauko daga sama, hula. Na sauko har goshin ya tafi, layin ya zauna a kan gira. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, ƙwan lantarki ya fara lumshewa, muna ɗaga murya kafin mu ji juna. Irin hular tasu tana karkata ne gefe guda, ta sauko ta taɓa kunnen dama. Kawu ya sa yatsa a wurin.

"Wannan fa?"

"Bar masa kunnensa," in ji Mama.

"Akwai baƙi a samansa. Duk wanda ya san hular zai gane."

"Gashi ne za a ce."

"Yaya, ba zan mutu saboda kunne ba."

Ni ce mai maus a hannu, kuma ni na ja layin ya shigo ciki.

Na kunna firinta ina addu'a kada wuta ta tafi. Tawadar kala ta fara bushewa tun rasuwarsa, don haka hoton ya fito da ɗan kore-kore, ƙarami, bai kai tafin hannun yaro ba. Mama ta karɓa ta tura cikin rigarta tun bai bushe ba. Sannan Kawu ya sa na goge foldar, ya sa na buɗe kwandon shara na cikin kwamfutar na zubar, ya sa na goge har yankakken. Ban san inda ya koyi zancen kwandon ba, wataƙila wurin Injiniya. Ina gamawa aka ɗauke wuta. Ladan ya kira magariba cikin ruwan, muka sha ardeb a tsaye a cikin shago mai duhu, ba wanda ya ce wa wani an sha ruwa lafiya. Ƙosan ranar bai soyu ba. Washegari bayan Juma'a Injiniya ya zo, kuma duk da kwamfutar lafiyarta ƙalau, Kawu ya sa ya yi mata fomatin don hankalinsa ya kwanta.

Yanzu mun koma Hausari. Waya tana aiki, kifi ya dawo kasuwa, yara suna ɗaukar kansu hoto sau nawa a yini su goge don hancinsu bai fito daidai ba. Mutane suna ce mini Kawu ya rufa mana asiri a lokacin da kowa yake gudun dangin masu kaki, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Na sani. Na ga gidajen da aka ƙona a kan abin da bai kai hoto ba. Ina gaishe shi in mun haɗu, ina durƙusawa yadda aka koya mini. Iyakar abin da zan iya ke nan.

Hoton yana cikin ƙaramar jakar Mama, a naɗe cikin leda. Koren ya ƙara yawa. Da Sallar da ta wuce Kawu ya zo gaisuwa, ya tsufa, gemunsa ya yi fari, sai ya roƙi Mama ta nuna masa. Ya riƙe shi nesa da ido ya daɗe yana kallo, har na ga hawaye ya taru masa. Ya ce Allah ya jiƙan Bukar, karo na farko da na ji sunan a bakinsa tun rasuwar. Sannan ya juya takardar ya sake juyowa, ya ce amma mai hoton nan bai iya aiki ba, ina ɗaya kunnen?

Ina tsaye da tiren abinci. Na ajiye a gabansa na ce, "Yana wurinka, Kawu."